Mashayin da ya tuba a Gobir, wace majalisa zai zauna?

Na san abin da mai karatu daga gabashin Sakkwato zai fara cewa: ana ta rai, wa yake ta giya? Yana da hujja. Ƙasar da aka kashe mata mutum fiye da 70 a ƙauyukan Garki da Ɗan Aduwa da maƙwabtansu a watan Mayun 2020, aka ƙona mata matafiya cikin mota kusa da Gidan Bawa a Disambar 2021, sannan Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya cika a hannun 'yan bindiga a Agustan 2024, ba za ka zo mata da zancen mashaya ta ba ka kunne cikin sauƙi ba. Manomi sai ya biya 'yan bindiga haraji kafin ya sa fartanya a gonar ubansa. Hanyar Isa zuwa Shinkafi da ta Sabon Birni zuwa Goronyo kuwa, ba a shigarsu sai da addu'a a baki.

Amma halin nan shi ne ya sa maganar ta wajaba. Saurayin da aka kashe ubansa a gabansa ba ya samun barci, kuma ya san abin da zai sa shi barci, ya san kuɗinsa, ya san mai sayarwa. Magidancin da ya sayar da shanun huɗa ya biya kuɗin fansa, ya koma zaman gudun hijira a ajin makarantar firamare, ba gona ba kasuwa, ba shi da abokin yini sai tunani. Ɗan kabu-kabun da zai ratsa daji da fasinja, wani abokin sana'a ya riga ya nuna masa ƙwayar da ke cire tsoro. Duk inda tashin hankali ya daɗe, kasuwar maye ci take yi.

A takarda babu giya a jihar Sakkwato. Tun shekarar 2000, zamanin gwamna Attahiru Bafarawa, wanda shi kansa ɗan ƙaramar hukumar Isa ne, jihar ta bi sahun Zamfara ta rungumi Shari'a. Sai dai iyaka tana nan kusa, kuma a Jamhuriyar Nijar doka ba ta hana sayar da giya ba. Bagobirin Sabon Birni danginsa suna Tsibiri da Gidan Rumji da Maraɗi, babur kuma bai san shingen kwastan ba. Akwai kasuwar mami ta barikin soja, inda dokar jiha ba ta leƙawa. Akwai kuma giyar leda, wadda ta sauya komai, domin ba ta buƙatar mashaya ko kwalba: aljihun riga ya ishe ta. A juye ta a robar lemo, a bi ta da goro ko kanumfari, a shiga sahu. Hukumar NAFDAC ta sanar da hana ta a farkon 2024, aka yi ta ja-in-ja da masu masana'antu har aka ɗage. Kuma a nan da wuya ka samu mai shan abu ɗaya tak. Giya tana tafiya da tiramol, da kodin da aka hana a Mayun 2018 amma bai ɓace ba, da wiwi, da ƙwayoyin barci. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya fitar a farkon 2019 ya ce 'yan Najeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 suna ta'ammali da ƙwayoyi, kusan miliyan 3 daga cikinsu a Arewa maso Yamma. Wannan lissafin bai haɗa da giya ba. Ko da ma an haɗa, a garin da amsa gaskiya kan iya jawo bulala, wa zai faɗa wa mai ƙidaya?

Ƙofa uku muka buɗe wa mashayi. Ta farko bulala. A mazhabar Malikiyya haddin shan giya tamanin ne, kuma ba ni da ja da hukuncin Allah. Amma a tambayi duk alƙalin da ya daɗe a kan kujera sau nawa fuska ɗaya ta dawo gabansa.

Ta biyu gidan mari. Iyaye sun gaji, sun ji kunya, sun sayar da akuya sun kai yaro inda za a sa masa sasari. Ƙasar nan ta ga abin da ke bayan wasu daga cikin waɗannan katangu a Satumbar 2019, lokacin da 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da tabon duka a baya da sarƙa a ƙafa, sannan a watan da ya biyo baya aka sake ganin irinsa a Daura. A Janairun 2023 an sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwa ta 1958, kuma sabuwar ta tanadi haƙƙin mara lafiya na kada a azabtar da shi. Ba na zagin iyayen da suka bi wannan hanya. Ba su ga wata ba ne.

Ta uku asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware. Can akwai likitoci na gaskiya da sashen masu fama da shaye-shaye, kuma ita ce ƙofar da ta fi sauran. Amma daga Sabon Birni tafiyar ta haura kilomita 100 a kan hanyar da muka sani, ga kuɗin mota, ga na magani, ga na mai jinya. Ga kuma abin da ya fi kuɗi nauyi: a ƙasar Sakkwato in aka ce "an kai shi Kware", an gama da maganar aurensa a unguwar.

Abu ɗaya ya haɗa ƙofofin nan, kowacce tana da ranar sallama. Kuma ranar da ta biyo bayan sallamar ita ce ba mu taɓa yi wa shiri ba.

Dubi mutumin da ya dawo. An yi masa aski, ya yi ƙiba kaɗan, uwarsa ta yi sadakar masa. 'Yan barka sun zo sun tafi. Wani dare bayan isha'i ya fito ƙofar gida, domin namiji a ƙasar Hausa ba ya yini ya kwana a ɗaka. Ya matsa majalisar dattawa ta ƙofar masallaci, hira ta sauya, wani ya laluba aljihunsa ya tabbatar wayarsa tana nan. Ya je wurin sa'o'insa na kirki, an amsa sallama a daƙile, ba wanda ya matsa masa a tabarma. Can bayan tasha kuwa tun daga nesa an hango shi, an share masa wuri a benci. "Wane! Ashe kana nan da ranka? Zamna mana. Ɗan kurɓi guda ba shi komi." A duk faɗin garin, su kaɗai suka yi murnar ganinsa ba tare da sun dube shi da wutsiyar ido ba. Idan ya zauna, gobe mu ce ai dama mai hali ba ya fasa halinsa.

Iyayenmu sun ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Gaskiya ne, amma rabin maganar muka riƙe. Mun ce masa ya bar waɗancan, ba mu faɗa masa da wa zai zauna ba.

Amsar da ta fi daɗewa a duniya ta fito ne daga wasu mashaya biyu. A watan Mayun 1935 wani dillalin hannun jari daga New York mai suna Bill Wilson, wanda ya yi 'yan watanni da daina sha, ya je garin Akron a jihar Ohio ta Amurka kan wata harkar kasuwanci, harkar ta rushe. Yana tsaye a harabar otal yana jin hayaniyar mashayar otal ɗin, ya gane cewa in bai samu wanda zai yi magana da shi ba, zai shiga. Abin lura shi ne irin wanda ya nema. Bai nemi mai wa'azi ba, bai nemi likita don magani ba, wani mashayin ya nema. Aka haɗa shi da wani likitan tiyata, Bob Smith, wanda giya ta kusa raba shi da sana'arsa. Smith ya ce minti goma sha biyar zai ba shi, suka yi sa'o'i suna magana. Ranar 10 ga Yunin 1935, wadda ake ɗauka a matsayin ranar da likitan ya yi shansa na ƙarshe, ita ce ranar kafuwar ƙungiyar Alcoholics Anonymous, wadda aka fi sani da AA. A 1939 suka buga littafinsu mai matakai goma sha biyu. Yau ana zaman a ƙasashe wajen 180. A 1953 masu shan ƙwaya suka kafa tasu a Kalifoniya, Narcotics Anonymous ko NA, a kan tsari iri ɗaya.

Zaman kansa ba shi da wani abin mamaki. Mutum biyar ko goma ko talatin, a ɗakin aro, na awa ɗaya. Babu shugaba na dindindin, yau wannan ya buɗe, wani mako wancan. Kowa ya faɗi sunansa na farko kawai, ya ce shi mashayi ne, ya faɗi yadda makonsa ya kasance: inda ya kusa faɗuwa, abin da ya riƙe shi, ko kuma cewa ya faɗi. Ba a katse mai magana, ba a yi masa nasiha, ba a tambayarsa. Wanda bai shirya magana ba ya yi shiru, ba wanda zai matsa masa. Sharaɗin shiga ɗaya ne, son dainawa, don haka ko wanda ya sha jiya ana karɓarsa yau. Ba a ce wa sabon zuwa ya yi rantsuwar har abada, ana ce masa ya riƙe yau ɗin nan kawai. Sannan ya zaɓi ɗaya daga cikin waɗanda suka riga shi dainawa, wanda zai iya ƙwanƙwasa wa ƙofa ko ya kira a waya lokacin da ƙishin ya taso. Shi wancan ɗin ba alfarma yake yi ba. Sauraron sabon zuwa shi ke tuna masa inda ya fito, kamar yadda Wilson ya nemi Smith don ya tsira da kansa.

Yana aiki? A 2020 cibiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tace binciken likitanci, ta fitar da nazarin John Kelly da Keith Humphreys da Marica Ferri a kan bincike 27 da suka ƙunshi mutum 10,565. Cikin waɗanda likita ya haɗa da irin wannan zaman bisa tsari, kashi 42 cikin 100 ba su sake sha ba har shekara ta zagayo. Cikin waɗanda aka yi wa wasu hanyoyin na ƙwararru, kashi 35 ne. A karanta alƙaluman da ido biyu. Sun nuna cewa fiye da rabi sun sake kurɓa, kuma kusan duk binciken a ƙasashen Turawa masu arziki aka yi shi. Wannan ba laya ba ce. Amma abin da ba a biyan ko sisi ya yi kafaɗa da kafaɗa da aikin ƙwararru, har ya ɗan ɗara, a yankin da ƙwararrun suke nesa, ya cancanci a tsaya a dube shi.

Yanzu ga abin da malamaina za su ce, kuma na fi son in faɗa da kaina. Na farko, abin ya samo asali ne daga wata ƙungiyar Kirista ta wancan zamani, Oxford Group, kuma yana magana a kan miƙa lamari ga wani iko da ya fi ƙarfin mutum ba tare da ya ambaci suna ba. Haka ne. Amma Musulmi sun riga mu warware wannan. A 1989 wasu Musulmin Baltimore a Amurka suka kafa Millati Islami, suka sake gina matakan a kan tauhidi da tuba da salla da zikiri. A Iran kuwa, kuma ba maganar aƙida nake ba, maganar tsari nake, ƙasar da ke yi wa mashayi bulala tamanin, zaman NA ya bunƙasa tun shekarun 1990 har ya kai fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk zaman da ƙungiyar ke yi a duniya. A 2015 ma'aikatar lafiyarsu ta sanar da shirin buɗe cibiyoyi 150 na jinyar masu shan giya. Ba su soke haramci ba. Sun dai daina yin kamar ba su gani ba. Abin da ke cikin matakan ma ba baƙo ba ne a wurinmu: ka yarda ka kasa, ka koma ga Allah, ka yi wa kanka hisabi, ka nemi gafarar waɗanda ka cuta, ka mayar da haƙƙi, ka taimaki na bayanka. Duk almajirin da ya karanta babin tuba ya san wannan.

Na biyu ya fi nauyi. Musulunci ya yi umarni da rufin asiri, ya yi tir da wanda Allah ya suturta shi da dare, ya wayi gari yana tallan zunubinsa. To mutum ya zauna gaban jama'a ya ce ya sha, ba shi ke nan ba? A ganina akwai tazara tsakanin mai alfahari da saɓo a bakin kasuwa da mai neman mafita a ɗaki rufe. Mutumin da ya sadu da iyalinsa da rana a Ramadan ya zo gaban Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya faɗi abin da ya yi don a nuna masa hanya, kuma aka nuna masa. Mara lafiya yana buɗe wa likita abin da ba ya buɗe wa kowa. Buhari kuma ya ruwaito labarin sahabin nan Abdullahi da ake wa laƙabi da Himar, mai ba Annabi dariya, wanda aka sha kawo shi saboda giya. Ranar da wani ya tsine masa don yawan kawo shi da ake yi, Annabi ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da Manzonsa. An yi masa haddi, ba a kore shi daga majalisa ba. Mu mun riƙe ta farkon mun saki ta biyun. Ita kanta giyar a mataki-mataki aka hana ta, daga ayar Baƙara zuwa ta Nisa'i zuwa ta Ma'ida, kuma Nana A'isha ta bayyana cewa da hanin ne ya fara sauka da mutane ba su bari ba. Malaman fiƙihu sun daɗe da cewa haddi yana wajaba ne idan magana ta kai gaban hukuma, kafin nan sutura ta fi. Abin da nake roƙo shi ne limaman Isa da Sabon Birni su faɗi wannan a kan mumbari, da bakinsu, domin mashayi ba zai yarda da ni ba.

Duk wannan mai sauƙi ne idan aka kwatanta da matsalar da ta keɓanta da Gobir ta yau. A tara samari goma da aka sani da shaye-shaye, su riƙa shiga ɗaki ɗaya kowane mako suna rufe ƙofa. Kafin mako na biyu wani ya ce infoma ne. A yankin nan wannan kalmar kisa take yi, kuma zargin ba daga sama ya faɗo ba, tunda kowa ya san hanyar da ƙwaya ke bi ta shiga daji ita ce hanyar da labari ke bi. Saboda haka abin da ake yi a Legas ko Abuja, inda 'yan tarukan AA na ƙasar nan suke, galibi da Turanci, ba za a kwafo shi a dasa a nan yadda yake ba.

Zaman Gobir dole ya kasance da rana, bayan azahar ko la'asar, ba da dare ba. Dole ya kasance a wurin da shigarsa ba ta tona asiri, kuma babu kamar asibiti: babban asibitin Isa, na Sabon Birni, ko ɗakin shan magani a garin da har yanzu malamin asibiti bai gudu ba. Kowa yana zuwa asibiti, ba a tambayar mutum me ya kai shi. Masallaci ya fi tsarki, amma wanda ya faɗi jiya, warin yana bakinsa, ba zai tako shi ba, kuma shi ne ya fi kowa buƙatar zuwa. Dole hakimi da liman da shugaban 'yan sanda da na 'yan sa-kai su san ana zaman, su san rana da wuri, amma kada a ba su suna ko ɗaya. A nan gizo ke saƙa, domin mai mulki a ƙasarmu bai saba a ce masa ya tsare abin da ba a nuna masa cikinsa ba. Amma ranar da aka rubuta sunaye a littafi, ko aka kama wani a bakin ƙofa, zaman ya mutu, kuma ba zai sake tashi a garin ba. A ɗaya ɓangaren, masu zaman su faɗa wa duk sabon zuwa tun ranar farko cewa sirrin da aka ɗauka na shansa ne. Wanda hannunsa ke cikin jinin mutane ko yake kai wa daji kaya, ɗakin nan ba mafakarsa ba ne.

Haɗari na biyu kuɗi ne. Yankin da ya shekara da shekaru yana karɓar agaji ya koyi cewa duk inda aka ce taro, akwai rajista da kati da kuɗin mota. Idan wata ƙungiya ta shigo da riguna masu tambari da ambulan, ko ɗan siyasa ya zo da mai ɗaukar hoto, ɗakin zai cika da waɗanda ba su taɓa kurɓa ba, masu ciwon na gaskiya su sulale. Su ma na Amurka sun kusa faɗawa wannan ramin. A 1938 aka nemi attajiri John D. Rockefeller ƙarami ya ba su dala 50,000, ya ba da 5,000 kawai, yana tsoron kuɗi zai ɓata abin. Daga baya suka mayar da shi doka: ba sa karɓar kuɗin kowa daga waje, abin da masu zama suka jefa a kwano shi ke sayen shayi.

Akwai gargaɗin da ba zan tsallake ba, domin rai ne. Wanda ya shekara yana shan giya mai yawa kullum, idan ya tsaya farat ɗaya jikinsa na iya yi masa bore. Cikin sa'o'i kaɗan hannu ya fara karkarwa, gumi ya karyo, zuciya ta riƙa bugawa. Cikin kwana biyu farfaɗiya na iya kama shi. A kwana na uku ko na huɗu wasu sukan shiga sambatu da gane-gane, su riƙa ganin ƙwari da macizai a bango. A gidajenmu sai a ce iska ce, a kawo turare da mai ruƙiyya, a danne shi. A yi addu'a, amma a yi ta a hanyar asibiti, domin wannan yanayin yana kisa, kuma likita yana da maganinsa mai arha. Haka masu ƙwayoyin barci, ba a yanke su lokaci ɗaya. Zaman tubabbu ba ya maye gurbin likita, bayansa yake zuwa.

Mata kuwa ba za su zo wannan ɗakin ba, kuma bai kamata a jira su zo ba. Binciken nan na 2019 ya ce cikin kowane mutum huɗu masu ta'ammali da ƙwaya ɗaya mace ce. Akwai zawarawan da daji ya mayar zawarawa, akwai amaren da suka fara da maganin tari don su yi barci. Nasu zaman daban ne, a cikin gida ko ranar awo, a hannun mace. Ƙasar nan ba baƙuwar hakan ba ce. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta kafa 'Yan Taru, jajinta, wato matan da ta koyar, suna ratsa ƙauyuka suna tara mata a cikin gidaje, kuma tsarin ya rayu bayanta. Matan mashaya da iyayensu mata su ma suna da nasu ciwon. A 1951 Lois, matar Bill Wilson, da wata ƙawarta suka kafa musu nasu zaman, Al-Anon, don ta san abin da ake gani a ɗakin da miji ke dawowa a buge.

To mutumin Isa ko Sabon Birni da ya karanta wannan, ko aka karanta masa, ina zai dosa? Ya fara da malamin asibitin da ya amince da shi, ya faɗa masa abin da yake sha, da yawansa, da daɗewarsa, ba ragi. Hukumar NDLEA, ban da kame, tana da sashen ba da shawara, kuma tun 2022 ta buɗe layin kira kyauta, 080010203040. Ana zaman AA da NA ta intanet dare da rana, amma wanda ya tuna Satumbar 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar har da waɗannan biyun, ba zai jingina rayuwarsa a kan sabis ba, balle ga Turanci ga kuɗin data. Abin da ya fi kusa da hannu shi ne abin da Wilson ya yi. A kowane gari akwai mutumin da kowa ya san ya sha a da, ya bari, ya shekara biyar ko goma bai koma ba. Wataƙila mahauci ne, wataƙila direba, wataƙila yanzu shi ke kiran salla. Ka same shi a keɓe ka ce, "Baba, abin da ya taɓa kama ka shi ya kama ni. Ina son in riƙa zuwa muna magana." Mutum biyu sun isa a fara. Idan ka faɗi a mako na uku, ka koma a na huɗu ka faɗa masa.

Gobirawa da yawa yanzu suna zaune a cikin birnin Sakkwato, wasu a Maraɗi da ƙauyukan da aka tsugunar da 'yan gudun hijira tun 2019, don haka ba mamaki zama na farko da Hausa ya fara a can, kusa da likita, sannan ya biyo mutane gida. Nan ne Kware ke da aikin da ba ya buƙatar kasafi: duk wanda za a sallama zuwa gabashin jihar, a tambaye shi ko ya yarda a haɗa shi da wani da aka sallama kafin shi daga yankinsu, a rubuta masa rana da wuri a bayan katinsa. Daga shugabannin ƙananan hukumomin biyu kuma, da Sarkin Gobir na Isa da na Sabon Birni, ana neman mabuɗin ɗaki ɗaya a asibiti na awa ɗaya a mako, da umarni ga masu bindiga na gwamnati da na sa-kai cewa kada a tsaya a ƙofarsa.